Da Aka Tambaye Ni 'Yar Waye

Ba zan rubuta sunanta a nan ba. Ba ɓoye ta nake yi ba, bakina ne bai taɓa faɗinsa a gaban kowa ba tun ranar da aka raɗa mata shi, hannuna ma bai saba ba. 'Yar farina ce. A gidanmu haka muka taso muka tarar: mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ana zancensa sai ta kau da kai kamar ana maganar ɗan maƙwabta. Kakanninmu sun bar kiwo sun zauna a cikin birni tun kafin a haifi uwata. Shanun sun tafi, yaren ma saura kalma biyu uku, amma kunyar nan ta biyo mu har Jakara ta zauna daram. Ni kuwa na riƙe ta hannu bibbiyu, har taƙama nake yi da ita. Yanzu in na tuna taƙamar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Da aka yaye ta, yayan maigidana, wanda muke cewa Alhajin Gwale, ya aiko matarsa ta ɗauke ta. Sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba. Ba wanda ya tambaye ni, kuma da an tambaye ni ɗin ma cewa zan yi a ɗauka, don abin kunya ne a ji ko tarina a kan maganar. Na ƙulle mata kayanta a ɗankwali, na shige banɗaki na sha kukana, na wanke fuska na fito ina dariya. Kar wani ya ce sun cuce ta. Riƙon tsakani da Allah suka yi mata, ko ƙuda ba su bari ya sauka a kanta ba. Ta tashi tana ce wa Alhaji Baba, matarsa Umma, uban da ya haife ta Baffa, ni kuma Adda, sai ka ce wata yayarta. Alhaji da kansa ya kai ta firamare, da aka tambayi sunan uba ya ba da nasa. Wa zai ce masa don me?

Tana da shekara bakwai aka kawo ta yawon Sallah, sai akuyata ta faɗa kwata ta karye a ƙafa. Kafin mu ankara yarinyar nan ta samo kara biyu da tsumma ta ɗaure ƙafar tamau, tana yi wa akuyar faɗa wai ta tsaya shiru. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "A'a, kun yi Likita a gidan nan." Sunan ya bi ta. Ni ce na fi kowa murna da shi, don na samu abin da zan kira ta da shi ba tare da na karya al'ada ba. Likita zo, Likita tafi. Shekara da shekaru da wannan sunan nake lallaɓawa.

Tana ajin farko na babbar sakandare Allah ya yi wa Umma rasuwa. Bayan arba'in Alhaji ya kawo ta Jakara, ya tsaya a zaure ya ce wa ƙaninsa, "Budurwa ba ta zama a gidan da babu mace. Amma ka sani aro na ba ku." Malam, wato maigidana, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai taka ce, Yaya." Ina bayan ƙofa ina jin su. A wannan shekarar ne Malam ya kwashe mu duka ya kai mu yin katin ɗan ƙasa, ya miƙa takardar haihuwarta ta asibiti, mai rubutu ya kwafe abin da ya gani. Katin ya fito da sunan Malam a matsayin uba. Na ga lokacin da ya karɓa ya tsura masa ido ya ɗan daɗe kafin ya sa a aljihu. Na san daɗi ya ji.

Zancen karatun likita ba ta zaunar da mu ta faɗa ba, gani muka yi kawai. Tana idar da sallar asuba za ta janyo littafi, bangon ɗakin duk ta manne shi da zanen zuciya da ƙoda da ƙasusuwa, har ƙannenta suna tsoron shiga. Mu kuma muka tsaya mata, amma irin tsayawarmu, ta bayan gida. Ni dai ba zan iya cewa, "Je ki yi karatu, 'yata, na ɗauke miki aiki" ba. Sai dai in ta zauna wanke-wanke in zo in fizge kwanon in ce, "Tashi ki ba ni wuri, ke komai kika taɓa sai an sake." In ta ɗauki tsintsiya in ce ƙura take tayar mini. Shekara biyu ina zaginta da rashin iya aiki don ta samu lokacin karatu. Ƙwai nake dafa mata in tura ƙarƙashin faifai in ce ragowa ne, in ba ta ci ba zubarwa zan yi.

Malam ma haka. Rumfar kayan yaji gare shi a Kurmi, mutum ne da magana take yi masa wuya kamar ana cire masa haƙori. Ya nemo mata inda ake lesin, kullum shi yake raka ta titi ya sa ta a adaidaita sahu, wai hanyarsa ce, alhali kasuwa tana gabas lesin yana yamma. Wata rana ya shigo da ƙaton littafin tambayoyin jarrabawar baya, sabo fil a leda, duk ya ɗauki ƙamshin kanumfari, ya ajiye a bakin taga ya ce, "Wani ne ya manta a rumfa, ko da mai so." Yarinyar ta kalle ni, na kalli tukunya.

Ta zauna jarrabawar shiga jami'a ta ci, ci kuwa ba na wasa ba. Ta sake zama wadda jami'ar take yi da kanta, nan ma ta ci. Ranar da sunanta ya fito a cikin waɗanda aka ba gurbin likitanci, da gudu ta shigo gida da waya a hannu, mayafi yana jan ƙasa, ta ce, "Adda, an ba ni." Tankaɗe nake yi. Akwai mata biyu a tsakar gida sun zo sayen ƙuli. Na ce, "To, Allah ya sa alheri," ban ko ɗago ba. Ta tsaya jim, ta juya ta shiga ɗaki. Sai da matan suka fita na shige ƙurya na kifa goshina a ƙasa ina gode wa Allah, hawaye yana jiƙa tabarma. Ba ta gani ba. Amfanin me ya yi mata?

Ta fa yi maganar sunayen, kar in ɗora mata laifin da ba nata ba. Tun wurin cike fom ta ce wa Malam, "Baffa, takardar sakandarena sunan Baba ne a kai, katin ɗan ƙasa da takardar ƙaramar hukuma kuma sunanka. Mai kwamfuta ya ce a je kotu a yi takardar rantsuwa." Malam ya ce, "Ni da Yaya ai abu ɗaya ne. Bari dai a samu tukuna." Aka bar maganar a nan.

Ranar Litinin aka sa tantance takardu, aka ce kowa ya zo da babba. Malam yana da baƙi masu kawo masa kaya daga kudu, sai ya ce in raka ta. Na saka atamfata ta zuwa biki. Ɗakin cike yake maƙil da iyaye da 'ya'yansu, maza da mata, wata uwa a gabanmu sai gyara wa ɗanta wuyan riga take yi tana kiran sunansa, har na ce a raina wannan ba ta da ta ido. Da layi ya zo kanmu muka zauna gaban wata ma'aikaciya, babbar mace mai tabarau. Ta baje takardun a tebur, ta duba wannan ta duba wancan, ta ɗago.

"Sunan uba biyu nake gani. Hajiya, ke ce wa a wurinta?"

Na ce, "Tare muke."

"Na ga tare kuke. 'Yar waye?"

Wallahi ban yi tunani ba. Amsar da nake bayarwa a gidan suna da gidan biki shekara goma sha takwas, ita ce ta fito da kanta. Na ce, "'Yar Alhaji ce, yayan maigidana. A wurinmu take zaune."

Matar ta cire tabarau. Ta ce, "To in 'yar Alhaji ce, wannan katin da takardar ƙaramar hukuma na waye? Wa ya yi mata su da sunan wani?"

Yarinyar ta yi caraf ta ce, "Malama, ita ta haife ni. Mijinta shi ne mahaifina. Riƙona aka yi a Gwale."

"Ta haife ki, ta ce ke 'yar wani ce?" Ta juyo gare ni. "Hajiya, magana ɗaya nake so. Ke kika haife ta ko ba ke ba ce?"

Na ga maza a kujerun gefe sun zuba mini ido. Kalma ɗaya ake nema a wurina, ƙwaya ɗaya tal. Sai na sunkuyar da kai, na ja mayafi na rufe baki, na yi ɗan murmushin nan da muke yi in an ambaci ɗan fari. A gidanmu kowa ya ga murmushin nan ya san ma'anarsa, har yabon mace ake yi a kansa. A ofishin nan kuwa murmushin wadda aka kama da ƙarya ne.

Ban ga laifin matar ba, har gobe. Ta ce suna fama da masu zuwa da takardun ƙaramar hukumar da ba tasu ba. Ta ce da maganarmu ta zo ɗaya, da rantsuwar uba kaɗai ta wadatar, amma tunda uwa da 'ya sun saɓa a gabanta, sai mazan biyu sun je kotu tare sun rantse, an kawo mata takarda kafin a tashi aiki ranar Juma'a. In ba haka ba akwai masu jiran gurbin. Ta ɗauki fayil ɗin ta ajiye shi gefe, daban da sauran.

Muka hau adaidaita sahu ni da yarinyar. Fuskarta tana waje har muka iso Jakara.

Da na gaya wa Malam, ya yi salati ya ce ba komai, gobe zai je wurin Yaya. Yarinyar ta ce ita za ta je ta faɗa wa Baba da bakinta. Ya ce a'a, maganar manya ce, kar ta kuskura. Talata ya je Gwale, ya dawo bayan la'asar. Na tare shi tun daga zaure na ce yaya? Ya ce ya tarar da baƙi. Laraba ya koma, ya dawo ya ce Yaya ba ya jin daɗin jikinsa, ƙafa ta matsa masa, bai ga fuskar maganar ba. Alhamis ya sake komawa. Da ya dawo ya zauna a kan turmi ya cire hula yana juya ta a hannu, na san an sake.

Na ce, "Malam, me ka je yi Gwale kwana uku?"

Ya ce, "Mun gaisa. Ya sa an dama mini fura."

"Fura ka je sha?"

Ya ce, "Ke ba za ki gane ba. Mutumin nan matarsa ta rasu, ba shi da kowa sai yarinyar nan. In dube shi in ce ya taso mu je gaban alƙali ya rantse ba shi ya haife ta ba? Da wane bakin?"

Ranar na manta da ladabi. Na ce masa da bakin da ya sha furar. Na ce shekara biyu yarinya tana cin littafi kamar gara, ya bari kunyar yayansa za ta cinye ta. Na faɗi maganganu, har da waɗanda ban taɓa zaton suna cikina ba, maƙwabta suna ji. Ya bar ni na gama, sannan ya ɗago a hankali ya ce, "Ke da aka tambaye ki, me kika ce?"

Gaskiyarsa ce. Kuma ga gaskiyar da ta fi wannan ɗaci: daga Jakara zuwa Gwale ba nisa ba ne, na san gidan, na san ɗakin da Alhaji yake zama. Safiyar Juma'a na saka mayafi har na kai bakin lungu. Sai na tsaya ina raya yadda za a ce matar ƙani ta tako ta zo karɓar 'yarta ta fari da bakinta, yadda dangi za su yi ta yayata ni. Na juyo gida na ɗora sanwa. Ina jin kiran sallar Juma'a, ina jin na la'asar, yarinyar tana ɗaki a kwance ta juya wa ƙofa baya.

Ranar Lahadi Alhaji ya ji labarin a bakin wata 'yar uwarsu a wurin ɗaurin aure. Da sandarsa ya zo, yana ɗingishi, ko zama bai yi ba. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce wa Malam, "Kwana uku kana zuwa kana shanye mini fura, ashe da magana a bakinka? Ni mahaukaci ne da ban san wanda ya haife ta ba? Takarda ce za ta raba ni da ita? Da ka faɗa mini tun ranar Talata, da rarrafe ma sai na je kotun." Ya juyo wajen labulen da nake tsaye a bayansa ya ce, "Ke ma, ina ganinki mai hankali."

Litinin da sassafe suka je kotu su biyu, ba a ɗauki awa guda ba aka gama. Suka wuce jami'a da takardar tun tawadar hatimi ba ta bushe ba. Matar ta karɓa ta karanta, ta ce ta yi daidai, amma an rufe tun Juma'a, an ba na gaba. Alhaji ya yi roƙo, dattijo da furfurarsa, har hularsa ya cire. Ta ce ba a hannunta yake ba kuma, su gwada baɗi.

Yarinyar ta gwada baɗin. Ta yi karatu, amma ba irin na da ba, zanen bangon nan duk ta ɓamɓare su. Makinta ya yi kyau, sai dai ya gaza kaɗan, kuma a likitanci kaɗan ɗin nan shi ne komai. Aka ba ta fannin koyar da kimiyya ta karɓa. Mutane suka yi ta cewa haka Allah ya rubuta. Na yarda, ni Musulma ce. Amma na san ta hannun wa rubutun ya biyo, kuma duk wanda ya ƙara ce mini in daina damuwa sai in ji kamar in rufe shi da duka.

Ana saura kwana biyu ta fara zuwa makarantar, da rana tsaka, tana zaune tana haɗa tsofaffin littattafanta za ta bayar. Littafin nan mai ƙamshin kanumfari yana sama. Na leƙa na ce, "Likita, taso ki ci abinci."

Ta ce, "Adda, don Allah ki daina kirana da sunan nan."

Na tsaya riƙe da labule.

Ta ce, "Na san ke kike sa ƙwan a ƙarƙashin faifai. Na san ba wanda ya manta littafi a rumfar Baffa. Duk na sani, ba yarinya ba ce ni. Kuma ba likitancin ne ya fi yi mini ciwo ba." Ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe. "Sau biyu matar nan ta tambaye ki. Da kin ce ke kika haife ni, ko da sun hana ni gurbin, da na dawo gida da wani abu."

Na ce, "Haka muka taso."

Ta ce, "Na sani. Sunana dai kin san shi. In za ki kira ni, ki kira ni da shi."

Na buɗe baki. Allah shi ne shaidata na buɗe. Sunan ya zo har kan harshena ya ƙi fita. Ta jira ni, ta daɗe tana jira, sannan ta mayar da kanta kan littattafan ta ci gaba da ɗaurewa.

Yanzu tana koyarwa a wata sakandaren 'yan mata wajen Shahuci. Ta yi aure, ta haifi ɗanta na fari, namiji. Ba ta ba kowa shi ba, da dangin mijin suka taso da maganar yaye ta ce ba inda za shi. A gabana take ɗaga shi sama tana kiran sunansa da ƙarfi, tana sumbatarsa, tana cewa ɗana, ɗana. Tsofaffin gidanmu suna taɓe baki suna cewa 'ya'yan zamani ba kunya. Ni ba na tanka musu, don in na buɗe baki ba za mu rabu lafiya ba.

In ba kowa a gidan, ina tankaɗe ko ina tsince shinkafa, nakan gwada faɗin sunan a hankali. Yana fitowa sarai, suna ne mai daɗi, gajere. Nakan ce yau in ta zo sai na faɗa. Ran Asabar takan biyo da yaron bayan la'asar. Sai in ji sallamarta a zaure, in ji takunta, ta ɗaga labule ta shigo.

In ce, "Ke, kin zo?"

Ta ce, "Na zo, Adda."